Geron da Ya Faɗi Bayan Tabarma

Makon da ya wuce maƙwabciyarmu ta ƙasa ta hawo bene har hawa na uku don ta ji ko lafiya. Citta da kanumfari kawai nake dakawa a ɗan turmin da ko gwiwata bai kai ba, amma ta ce ƙarar a tsakiyar kanta take sauka, ga maigidanta yana barcin rana. Mutuniyar kirki ce, da murmushi ta faɗa, har tana yi mini addu'ar tsawon rai. Na ba ta haƙuri, na ɗora turmin a kan matashin kai, na ci gaba a hankali kamar mai dakan sata. Jikata da ta gama jami'a bara tana zaune tana latsa waya, ta ce ga injin niƙa nan a kicin, ita ba ta ga abin da ya haɗa ni da wahala ba. Na ce mata da wannan baiwar Allah ta ji sussuka irin ta da, da ba ta tsaya hawan bene ba, hukuma za ta kira mana.

Yarinya ta ɗago kai ta tambaye ni mece ce sussuka, da Larabcinsu na Makka ta ce, "Esh sussuka, ya Sitti?"

Na yi dariya har da tari, amma abin ya sosa mini rai. Jinina ce, ta sha kunun gero tun ba ta da haƙori, ga shi ba ta san yadda ake raba gero da zangarniya ba. Na yi mata bayani da baki da hannu, ita kuwa ta koma kan wayarta, domin 'ya'yan yanzu ba sa yarda da magana sai waya ta sa hannu. Can ta ce ta samo. Wai Larabawan kudu diyasa suke cewa, kuma a tsohon yaren Bani Isra'ila akwai 'yar uwar kalmar, dush, ma'anarta takawa da ƙafa. Su ba su san turmi a wannan aiki ba, alkama suke bazawa a kan daɓe, su kora shanu suna zagayawa a kai har ƙwaya ta rabu da kara. Ta ce a littattafansu na da kalmar tana zuwa a maganar gona, tana kuma zuwa a maganar yaƙi, idan ana so a ce wani sarki ya tattake mutane babu tausayi. Na ce Allah ya kiyaye, mu dai ba ma taka abinci da ƙafa, ko da ta saniya ce. Sai ta ƙara karanto wani abu. Wai a dokarsu an hana ɗaure bakin bijimi yana cikin wannan aiki, dole a bar shi ya ci daga abin da yake takawa, har sukan yi misali da karsanar da ta fi son ranar casa don tana aiki tana ci. A nan na ajiye taɓarya. Na ce mata wannan dokar na san ta, a hannun mata biyu na koye ta a garin nan, kuma sai da na sha kunya kafin ta shiga kaina.

Unguwar da aka kawo ni ina amarya babu ita yanzu. A jikin dutse take, gidaje suna hawa kan juna, rabi dutse rabi kwano, hanyar kuwa matakala ce da ƙafafun mutane suka sassaƙa da kansu. An rushe ta tuntuni. In na wuce a mota sai in ga dogayen gine-gine, in rasa ko ta wane ɓangare ƙofarmu take kallo. Amma kunnena bai manta ba. Da an sallame sallar asuba sai ka ji turmi ya yi magana a wannan gida, wani ya amsa daga can sama, kafin rana ta leƙo ta kan dutse unguwa duka ta ɗauka. Muna gane mace da dakanta. Akwai mai saurin hannu kamar ana korarta, akwai mai yi tana nishi don a san tana aiki, akwai wasu 'yan uwa biyu masu lugude, suna jefa taɓarya sama suna tafawa, mu 'yan amare muna leƙe ta katanga muna sha'awa. Ruwa a ka muke ɗaukowa daga gangare, gawayi ma haka, kuma ban tuna ranar da na ji wata ta ce ta gaji da rayuwa ba. Idan turmin wani gida ya yi shiru kwana biyu sai an bincika, don ko dai ciwo ne ko kuwa babu. Yau shekarata nawa a wannan gidan bene na unguwar Rusaifa, ban san ko maƙwabciyata ta ci ko ba ta ci ba, abin da nake ji daga wurinta shi ne gurnanin na'urar sanyaya ɗaki.

Gero a lokacin wani dattijo ne yake kawo mana daga kudu, wajen bakin teku, a bayan wata tsohuwar mota mai yawan tari. Larabawa sun fi son sussukakke a buhu. Mu matan Hausawa dami muke so, saboda sabo ne, ƙamshinsa yana nan, kuma furarsa ba a haɗa ta da ta tsohon gero. Surukata, wadda nake kira Inna, mutuniyar ƙauyukan Katsina ce, fura take yi, furar da ta yi suna har alhazai kan hawo dutsen nan suna haki suna tambayar gidan. Saboda haka duk zuwan motar sai an sauke mana damman gero an jingine a bayan ɗaki, a yi kwanaki ana sussuka. A saman gidanmu akwai inda dutse ya yi shimfiɗa, nan ne masussukarmu. A baza tabarma, a kafa turame biyu, a kwance dami, a cusa zangarniya a yi ta bugu har ƙwaya ta zube, sannan a ɗauki ƙwarya biyu a tsaya a bakin iska a yi shiƙa. Iskar Makka kuwa ba ta cika alkawari. Yanzu tana gefenka, kafin ka ɗaga ƙwarya ta juyo ta zuba maka ƙaiƙayi a wuya. Sai mu wuni muna susa muna dariya, Inna tana cewa wanda bai sha ƙaiƙayi ba bai cancanci ludayi ba.

Ni 'yar birni ce, a cikin ganuwar Kano aka haife ni, gidan 'yan kasuwa. Hatsi a mudu na san shi. Mahaifiyata da magana ɗaya ta rene mu, cewa ƙwayar hatsi ba ta kwana a ƙasa. In gero ya zube sai ta sa mu durƙusa mu tsince shi ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ranar gobe kowace ƙwaya za ta yi ƙarar wanda ya wulaƙanta ta. Da za a taho da ni ta ja kunnena, ta ce dangin mijina mutanen karkara ne, za su sa mini ido su ga ko 'yar birni ta san tattali. Na sauka Makka da niyyar in nuna musu. Ga rawar kai, ga son a yaba mini, halin da har yau bai gama sakina ba. Maigidana tela ne, a kasuwa yake wuni, ba ruwansa da wannan labari, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa ba shi ba.

Cikin masu zuwa taya mu sussuka akwai wata mata da kowa ke kira Gwaggo, mutuniyar wajen Maraɗi. A Makka kowace mace Hajiya ce, shi ya sa sai an nemi wani sunan kafin a san da wa ake. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, in kuwa ta yi sai ta bar tabo. Sun zo aikin hajji da mijinta, Allah ya yi masa rasuwa a nan, ta zauna da 'ya'ya uku a wani ɗan ɗaki can ƙarshen unguwa, babu takarda, babu dangi. Wanki take yi wa alhazai, in lokacin hajji ya wuce aikin ya ɗauke. Abu ɗaya kowa ya sani game da ita, ba ta karɓar sadaka. An ce wata mai hali ta taɓa aika mata da kwanon shinkafa da nama, ta mayar ko buɗewa ba ta yi ba, ta ce a gaya wa mai shi ita ba bara ta kawo ta Makka ba. Sussuka ma ba ta karɓar lada a kai, ta ce taimakon maƙwabtaka ne. Abin da kawai take ɗauka in an tashi shi ne ƙaiƙayi da sharar masussuka, ta ce kajinta take kai wa. Kajin nan na taɓa ganinsu. Guda uku ne, kuma ba su yi mini kama da masu cinye buhu a kwana biyu ba, amma ban kawo komai a raina ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɓarna. Inna mace ce da ko tsinken ashana ba ta yarwa, amma in ta hau masussuka sai ta zama wata daban. Ta cika turmi har gero yana tsalle yana faɗawa bayan tabarma, ko kallonsa ba ta yi. Wajen shiƙa ta ɗaga ƙwarya can sama, iska tana kwashe ƙwaya tare da ƙaiƙayi. Zangarniya ma ba a gama bugunta ba take jefarwa gefe, da sauran ƙwaya a jiki. Sauran matan da ke zuwa duk haka suke yi. Na ce a raina ashe tsufa ya fara taɓa idon Inna, su kuma waɗannan don ba geronsu ba ne. Kunyar suruka ta hana ni magana, amma na ƙudura zan gyara wannan gida.

Ranar da na samu dama, an tashi aiki bayan azahar. Gwaggo ta ce za ta je ta dubo yara, ta dawo bayan la'asar ta kwashi ƙaiƙayi. Inna ta shiga ɗaki ta kwanta. Ni kuwa na ɗaura ɗankwali na hau dutse cikin ranar nan da ko tsuntsu ba ya tashi. Na share bayan tabarma tas, na bi kowane ramin dutse da tsinken tsintsiya. Na mayar da zangarniyar da aka jefar cikin turmi na sake bugu, na sake sheƙe ƙaiƙayin har sau biyu, na ɗauko faifai na yi bakace, sannan na zauna na tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mini a gida. Wallahi sai da na cika babbar ƙwarya, gero fes kamar wanda za a kai wa amarya. Don kirki ma har na zuba wa Gwaggo ƙaiƙayinta a buhu na ɗaure mata baki, don kada ta wahala. Na zauna ina jiran yabo, gumi yana zuba, zuciyata fari ƙal.

Gwaggo ta hawo bayan la'asar. Ta ɗaga buhun da hannu ɗaya, ya taso kamar babu komai a ciki. Ta dubi dutsen da na share, ta dubi ƙwaryar da ke gabana. Ni kuwa da bakina na ce, "Gwaggo, kin ga abin da yake tafiya a shara kullum?"

Ta dube ni ta ce, "Na gani, ɗiyata. Sannu da aiki."

Ta ajiye buhun a inda ta same shi, ta ce kaji suna da saura, ta gangara. Na ɗauki ƙwarya na kai wa Inna ina murmushi. Inna ta tashi zaune ta dubi geron, ta yi salati a hankali, ta tambaye ni ko Gwaggo ta gani. Na ce ta gani, har ta yi mini sannu. Inna ta rufe ƙwaryar da faifai ta tura ƙarƙashin gado. Na fito raina a ɓace, ina cewa lallai gaskiyar masu cewa suruka ba ta yabo.

Washegari Gwaggo ba ta zo ba, haka ma kashegarinsa. Matan da ke taya mu suka riƙa amsa gaisuwata a taƙaice, in na juya baya in ji an yi ƙus-ƙus. A rana ta uku wata maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta, ta ce wa Inna, tana kallon gawayi ba ta kallon kowa, kwana biyu ke nan ba a ji turmi a ƙarshen unguwa ba, hayaƙi ma ba a gani ba. Bayan ta fita Inna ta kira ni ɗaki ta ce in zauna.

Ta ce, "Ke a ganinki idona ya mutu ko? Tun ba a haifi uwarki ba nake shiƙa. In na so, ko ƙwaya ɗaya iska ba ta ɗauka. Abin da ya faɗi bayan tabarma ba namu ba ne, na wanda ya sha ƙaiƙayi tare da mu ne, haka muka taras a gida. Ba a miƙa shi a hannu, ba a ambatonsa, mai ɗauka ma ba ya godiya. Da shi matar nan take ciyar da marayu uku kanta a ɗage. Ke kuma kin tattara shi kin ajiye a gabanta, kin ce ga abin da take kwashewa."

Na rantse ban faɗi haka ba. Inna ta ce bakina bai faɗa ba, amma tsintsiyata ta faɗa. Na ce to me ya sa ba a gaya mini ba tun farko. Ta ce abin da aka faɗa ai ya zama sadaka, ita kuma ta zaci ina da ido. Nan na fashe da kuka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ga tsoro, domin na gane yara uku sun kwana biyu da yunwa saboda ƙwazona. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Na miƙe zan jawo ƙwaryar in kai mata in nemi gafara, Inna ta riƙe mini hannu. Ta ce in na yi haka na gama kashe maganar, domin da zarar an kira abin da sunansa Gwaggo ba za ta ƙara taka masussukar kowa a unguwar nan ba, kuma yaran ne za su sha. Ta ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ni na ɓata ni zan gyara, amma ban da neman gafara, ban da kyauta.

Nakan tuna wannan magana in na ga yadda ake alheri yanzu. Ba na raina shi, Allah ya sani, abinci ya yalwata a garin nan fiye da yadda muka taɓa mafarki. Ana raba shi kwali-kwali a bakin masallatai, da ruwan sanyi, da dabino. Sai dai dole ka shiga layi ka miƙa hannu, wani lokaci ma wani ya ɗaga waya ya ɗauki hotonka kana karɓa. Akwai mutanen da yunwa za ta kashe su a ɗaki ba su shiga wannan layi ba, kuma ban san ta inda ake kai musu yanzu ba. Mutanenmu na da ba su yi karatun zamani ba, amma sun san yadda ake cika wa mutum ciki ba tare da an sunkuyar masa da kai ba. Dabarar a cikin aikin take, da aikin ya tafi sai ya tafi da ita.

Na wuni ina juya abin a raina, har na tuna wani hali na Gwaggo. Ba ta iya ganin ana aiki ba daidai ba ta yi shiru. Na sha ganin ta fizge tsintsiya daga hannun mace don ta ga tana shara a karkace. Da safe Inna ta ce bayanta ya riƙe, ba za ta iya hawa dutse ba. Ban gaya mata abin da na shirya ba, ita ma ba ta tambaya ba, sai dai na tarar ta jawo ƙwaryar nan ta ajiye a bakin ƙofa. Na ɗauka na hau da ita, na juye geron cikin tarin ƙaiƙayi na cakuɗa da hannu, na bugi dami guda ni kaɗai, sannan na yafa mayafi na gangara ƙarshen unguwa, tunda zuwa da kai ya fi aike.

Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa. Wurin a share, tukunya a kife, murhu ba toka mai ɗumi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar babu abin da ya faru. Na ce Inna tana kwance da ciwon baya, ga furar gobe, ni kuma faifai kaɗai na iya, shiƙar ƙwarya ta gagare ni, in ba ta zo ta koya mini ba Inna za ta mayar da ni Kano a ce an auro hoto. Ta ce tana da wanki. Na duba ban ga ko ƙyalle a jiƙe ba, na ce to zan jira ta gama. Na zauna a ƙasa. Kaji suna ta zagaya mu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, amma ƙafata ta yi tsami kafin ta ja tsaki, ta ɗauki mayafinta ta ce in wuce mu tafi, kada a ce ita ta kashe auren 'yar mutane.

Kafin mu hau, labari ya riga mu. Mata huɗu suna zaune a masussuka, kowace da dalilin da ya kawo ta. Na ɗauki ƙwarya na tsaya. A lokacin na riga na iya shiƙa daidai gwargwado, amma na juya na fuskanci iska sosai, na ɗaga hannu sama na saki. Ƙaiƙayi ya rufe mini fuska, ya shiga hanci, gero ya watsu bayan tabarma har yana gangarawa. Na yi atishawa, na sake ɗagawa, na sake zubarwa. Matan nan suka yi dariya har wata ta kwanta a kan dutse, wata ta ce yau ga amarya mai ciyar da iska. Ba zan ɓoye ba, ya yi mini zafi. Ni da na zo in nuna wa mutanen karkara tattali, ga ni a tsaye ana nuna ni da baki.

Gwaggo ba ta jure ba. Ta fizge ƙwaryar ta ce, "Mi kike yi hakanga? Ba a ba iska huska. Ba ta gefenki, ki sassauta hannu."

Ta tsaya ta yi shiƙa, ni kuwa na saki baki. Geron yana sauka siriri a tsakiyar ƙwarya, ƙaiƙayi yana tafiya gefe shi kaɗai, ko ƙwaya ɗaya ba ta kauce ba. Sai a ranar na lura cewa duk zaman da muka yi, hannunta bai taɓa zubar da komai ba. Inna da sauran mata ne suke zubarwa, ita aikinta tsaf take yi. Ta miƙo mini ta ce in gwada, na gwada na ɓata, ta karɓa ta sake nuna mini, haka muka yi ta yi har aka gama damin.

Da aka tashi ta jawo buhu ta durƙusa gaban tarin ƙaiƙayi. Ta zura hannu, sai ta tsaya. Ta ɗebo ta hure, ta buɗe tafinta tana kallo. Daga inda nake ina hango geron, fes, wanda na tsince da hannuna. Dariya ta ɗauke. Inna ma ashe ta hawo, tana tsaye a bakin matakala ta dafa bayan da ba ya ciwo. Na san in Gwaggo ta sake ajiye buhun nan ta gangara, shi ke nan, babu wata dabarar da ta rage mini. Ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai ina karanto duk addu'ar da na sani.

Sai ta juya wajen Inna ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Yaya, wagga surukar taki sai an yi da gaske. Shekara guda ba ta isa ta koya ba."

Inna ta ce, "To ai ga ki ga ta."

Gwaggo ta kwashe tarin duka, ta share bayan tabarma ta haɗa, ta ɗaure bakin buhu. Na matsa na kama mata don in ɗora mata a ka, buhun da nauyinsa sai da muka yi nishi mu biyu. Fuskarta tana dab da tawa, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Ɗiyata, geron da ya hwaɗi ƙasa da tsakuwa yake tahowa. Gobe ki bar mini tsakuwata a ciki."

Na kuwa bar mata, shekara da shekaru, har yaranta suka kawo ƙarfi. Kullum tana koya mini shiƙa, kullum ina kasawa, ba ta taɓa gajiya da faɗa ba, kuma ni da ita ba mu ƙara tayar da maganar ba har ta rasu. Tsofaffin unguwarmu da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba, in mun haɗu a wajen suna ko biki har yau sai wata ta nuna ni ta ce ga wadda ta tsufa ba ta iya riƙe ƙwarya ba. Nakan ce gaskiya ne, Allah bai ba ni hannu ba.